Ba Girin-Girin Ba: Abin da ke Sa Ƙaramin Babur Saurin Tashi

Samari biyu su jera baburansu a kan miƙaƙƙiyar kwalta, na uku ya tsaya a gefe ya ɗaga hannu, ya sauke. Kafin a ƙirga ashirin an san wanda ya ci. Wannan shi ne tseren gajeren zango, kuma ba a unguwar Barnawa ta Kaduna aka ƙirƙiro shi ba. A Amurka an daɗe da yanka masa tsawo, rubu'in mil, wato mita 402. A Indunusiya da Tailan, inda ake yinsa da ƙananan babura irin namu, mita 201 ake yawan amfani da shi. Mu a nan ma'aunin shi ne daga wannan turken lantarki zuwa waccan mahaɗa. Tun da aka faɗaɗa titin Aliyu Makama, aka haɗa shi da Kabala Costain ta sabuwar gada, kwaltar ta yi sumul yadda take tsokanar hannun duk matashin da ke riƙe da totur, sai maganar "a gyara min shi ya riƙa tashi" ta ƙara yawa a rumfunan makanikai.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, a irin wannan tsere ba iyakar gudun babur ake gwadawa ba. Babur ɗin da zai iya kilomita 100 a awa in an ba shi doguwar hanya kamar ta Kachia, yana iya shan kaye a hannun wanda ba ya wuce 85, muddin na biyun ya fi shi saurin barin wuri. Tashi ake nema. Kuma yawancin kuɗin da samari ke kashewa suna tafiya ne a kan abubuwan da ke rage wannan tashin.

Mu dubi abin hawan kansa. Boxer na kamfanin Bajaj, wanda ya cika titunan Arewa, injinsa 100cc ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 8 da 'yan kai ba, nauyinsa kuma ya ɗara kilo 100 kaɗan. Jincheng da aka kwaikwayo daga Suzuki AX100 shi ma a nan kusa yake. Masu injin 125cc, waɗanda akasarinsu 'yan China suka ɗauko tsarinsu daga Honda CG125 na 1975, sun ɗan fi su, amma ba da nisa ba. Idan jarinka gaba ɗaya doki takwas ne, asarar guda ɗaya ta fi kashi 12 cikin ɗari. Shi ya sa a ƙaramin babur ƙananan abubuwa ne ke raba gardama.

A wata rumfa da ke bayan kasuwar Barnawa na ji wani saurayi yana cewa da makanike, "Oga, a fasa min salansar nan, a cire soson iska, ina so ya riƙa numfashi sosai." Makaniken, dattijo ne mai furfura a gemu, bai ko ɗago daga kafiretar da yake wankewa a cikin gwangwanin fetur ba. Ya ce, "Kai yaro, gudu kake so ko ƙara?" Ya ce duka biyun. Dattijon ya hura wani ɗan ƙarfe, ya ɗaga shi saitin rana yana leƙa ƙofarsa da ido ɗaya, sannan ya ce, "To abin da ka lissafa ɗin nan kuɗin ƙara ne kawai."

Gaskiya ya faɗa, kuma ga dalili. Inji yana ƙona cakuɗen iska da fetur ne, kuma cakuɗen yana da ƙa'ida. A ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska ke ƙone kashi ɗaya na fetur ƙurmus. Inji ya fi ba da ƙarfi in an ɗan ƙara fetur, wato iska ta koma tsakanin 12.5 da 13. Mai kula da wannan rabo ita ce kafireta, ta hanyar wani ɗan ƙarfen tagulla mai siririyar ƙofa da ake kira jet, wanda shi ne dattijon nan yake leƙawa. Kamfani ya zaɓi girman ƙofar ne bisa la'akari da soson iska da salansar da ya ɗaura. Ranar da ka cire soso ko ka huda salansa, iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba. Cakuɗen ya tsinke. Inji zai riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, in ka murɗa totur da sauri ya yi kamar zai shaƙe kafin ya amsa, in kuma aka daɗe a haka bawul ya ƙone ko kan fistin ya huje. Wanda ya nace sai ya buɗe wa injinsa numfashi, dole ya ƙara girman jet mataki ɗaya ko biyu, ya gwada, ya kwance fulogi ya duba. Bakin fulogi in ya yi ruwan ƙasa, rabo ya daidaita. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, kuma injin yana cikin haɗari. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa.

Salansa kuwa ba bututun fitar da hayaƙi kawai ba ce. Hayaƙin yana fita ne bugu-bugu, kuma kowane bugu in ya wuce yana barin wani ja a bayansa wanda ke taimaka wa inji ya kwashe sauran hayaƙi ya shigo da sabon cakuɗe. Tsawon bututun da faɗinsa su ke ƙayyade a wane juyin inji wannan ja zai yi aiki. In ka datse shi ko ka sa mai faɗi, ka tura amfanin can sama inda ƙaramin inji ba ya daɗewa, ka rasa ƙarfin ƙasa-ƙasa, wanda shi ne ke fizgar babur daga tsaye. Kunne zai ce maka gudu ya ƙaru, agogo zai ƙaryata shi. A kan Jincheng abin ya fi muni, domin injinsa mai bugu biyu ne, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma rabin aikinsa a cikin salansa yake. Kumburin nan da ke tsakiyarta shi ke mayar da sabon cakuɗen da ya fara tserewa cikin silinda. Mai Jincheng da ke son ƙarfi ba yanka ya kamata ya yi ba. Ya kwance salansar a ƙona dattin da ya toshe ta, a kankare ƙofar fitar hayaƙi, zai sha mamakin abin da zai dawo masa.

Maganar cire soson iska kuwa, a Kaduna ganganci ne tsantsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura tun daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma tamu ta lunguna marasa kwalta. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. In ta shiga silinda ta haɗu da mai, sai ta riƙa cin zoben fistin da bangon silinda a hankali, har matsin inji ya zube, babur ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Soso mai tsabta ba ya tare iskar da za a ce an yi asara. Wanda ya toshe ne ke tarewa, maganinsa kuma wanki ne ko sabo.

Akwai ma abin da ba a cika lura da shi ba. Kaduna tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 6 cikin ɗari. Babur iri ɗaya ya fi ƙarfi a Legas, ya fi rauni a Jos. Haka kuma saitin da ya yi daidai da sanyin asubar Janairu ba lallai ya yi daidai da zafin azahar ɗin Afrilu ba. Don haka lambar jet ɗin da wani ya gani a bidiyon YouTube daga wata ƙasa ba nassi ba ce.

To ina ya kamata ɗan kuɗin ya tafi? In an tambaye ni, faifan sarƙa ne farko. Babu wani gyara mai araha da ya kai shi tasiri a gajeren zango. Akwai ƙaramin faifai mai haƙora a jikin inji, akwai babba a tayar baya, sarƙa ta haɗa su. A ce na gaba yana da haƙori 14, na baya 42. Ke nan sai na gaba ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sauya na gaba da mai haƙori 13, rabon ya koma 3.23, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari a kowace giya. Ba ka taɓa cikin inji ba, ba ka ƙara masa zafi ba. Abin da ka biya shi ne iyakar gudu za ta ragu da kusan wannan adadi, injin zai riƙa kuka da wuri a doguwar hanya, fetur kuma zai ɗan ƙara tafiya, wanda tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne. Rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara uku a baya. Na baya ya fi tausaya wa sarƙa, domin ƙaramin faifai yana tilasta mata lanƙwasa sosai, amma yana iya buƙatar a ƙara mata tsawo. Inda ake kuskure shi ne zarcewa. In rabon ya yi yawa, giya ta ɗaya za ta ƙare kafin babur ya yi taku goma, ka ƙare tseren kana canja giya, kuma kowane canji lokaci ne da taya ba ta samun ƙarfi. Saitin da ya dace shi ne wanda zai kai ka ƙarshen zangon injin yana dab da cikar juyinsa a giyar ƙarshe. Kuma kada a ɗora sabon faifai a kan tsohuwar sarƙa, za su cinye juna.

Na biyu ba ƙari ba ne, ƙwato abin da ya ɓace ne. Babur ɗin da ya shekara yana zirga-zirga tsakanin Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha ya riga ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa a hanya. Bawul ya saki ko ya matse, ba a daidaita tazararsa ba. Sarƙa ta bushe ta yi tsatsa. Birkin baya yana gogar ganga ko ba a taka shi ba. Boris ɗin taya ya fara ƙara. Iskar taya ta ragu, mai faci bai auna ba, yatsa kawai ya danna. Ka ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka juya tayar baya da hannu. In ta tsaya nan take, akwai abin da ke cin ƙarfinka kafin ya isa ƙasa. Duk waɗannan aikin yini ɗaya ne a wurin makanike mai haƙuri, kuma sau da yawa abin da suke dawowa da shi ya fi abin da kayan ƙawa na kasuwa ke alkawari.

Kuloci yana buƙatar a tsaya a kansa. A waɗannan babura farantan kuloci a cikin baƙin mai suke wanka, a yawancinsu mai ɗaya ne da na inji. Man da aka yi don mota, musamman na zamani mai sinadaran rage gogayya, yana sa farantan su riƙa zamewa. Za ka ji inji ya ɗaga murya amma babur bai bi shi ba. Shi ya sa ake da ma'aunin Japan na man babur, wanda ake rubuta JASO MA a jikin gora. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, araha ce da ba ta ado. Sabbin faranti da sifirin masu ƙarfi ba su da tsada in aka kwatanta da aikin inji, kuma a tseren da ake farawa daga tsaye kuloci ne ke shan wahala fiye da kowa.

Sai nauyi. Babur mai kilo 110 da mahayi mai kilo 65 sun zama 175. Cire kilo 7, kamar kariyar baya da ƙarfunan kariya da tarkacen da aka liƙa don ado, ya rage kashi 4 cikin ɗari, kuma kyauta ne. Amma nan ma akwai inda hankali ke gushewa. Na ga babur da aka cire masa birkin gaba da fitila da madubai wai don a rage nauyi. Duka abin da aka cire bai kai nauyin rabin tankin fetur ba, alhali birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur.

Ga wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi, akwai ƙara faɗin silinda. Injin CG mai 125cc faɗin fistinsa milimita 56.5 ne. In aka sa silinda da fistin mai milimita 62, ya koma kusan 150cc, ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Wannan ƙari ne na gaske, kuma a gari irin Kaduna mai kasuwar Panteka, inda masu aikin ƙarfe suka gaji sana'ar, samun mai hannu ba wuya. Sai dai aiki ne mai jan wani aiki: jet ya canja, kuloci ya ƙara ƙarfi, zafi ya ƙaru a injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, kuma a cunkoson shataletalen Station da rana tsaka babu iskar. Haka ma goge kan silinda don ƙara matsi. Yana ƙara ƙarfi, amma yana buƙatar fetur mai kyau. Wanda ke sayen na 'yan bumburutu, wanda wani lokaci an surka shi, zai fara jin ƙwanƙwasa a cikin inji, kuma ƙwanƙwasar nan sallama ce.

Sauran kayan da ake tallatawa ba su cancanci dogon bayani ba. Akwatin wuta na "tsere", fulogi mai baki uku, ruwan da ake zubawa a tanki wai yana ƙara ƙarfi, igiyar fulogi mai launi: a kan injin da ba a taɓa cikinsa ba, bambancin da suke kawowa bai kai a auna ba. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Abin da ya fi duk waɗannan, kuma ba a sayar da shi, shi ne hannun mahayi. Babur mai tafiyar kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a sakan guda. Wanda ya yi jinkirin sulusin sakan wajen tashi ya ba abokin karawarsa mita bakwai a ƙarshen zango, tazarar da gyaran dubban nairori ba lallai ya cike ba. Gwanaye suna riƙe juyin inji a tsaka-tsaki, su saki kuloci da sauri amma ba jefarwa ba, su karkata jiki gaba don kada kan babur ya ɗaga, su canja giya jim kaɗan bayan injin ya kai ganiyar ƙarfinsa maimakon su bar shi yana kururuwa a banza. In gudu ya kankama sai su kwanta a kan tanki, domin turjiyar iska tana ninkawa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Kuma duk mai gyara da gaske agogo yake bi. Wayar hannu ta isa: a auna zango ɗaya, a canja abu ɗaya tak, a sake aunawa. Wanda ya canja salansa da jet da faifai rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya taimake shi, wanne ya cuce shi ba.

Lissafin nan na ninki huɗu yana da wata fuska. Tazarar da birki ke buƙata ita ma haka take ninkawa. Wanda ya yi karo yana kilomita 50 a awa, jikinsa ya sha bugun da ya yi daidai da faɗowa daga tsayin mita 10, bene hawa uku. A kilomita 80, mita 25 ne, hawa takwas. Titin Barnawa kuma ba fili ba ne. Akwai Keke Napep da ke juyawa ba sigina, akwai yaro ɗan aike, akwai akuya, akwai yashin da ruwan sama ya tara a bakin kwalbati. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai da kashi 69. Mun san yadda muka karɓi dokar hular a Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi dariya a lokacin. Ma'aikatan sashen haɗari na asibitin Barau Dikko da na Gwamna Awan a Kakuri, da na asibitin ƙashi na Dala a Kano, su suka san sauran labarin.

Ga kuma hukuma. Babur a Kaduna ba abin hawa ne da ake kallo da ido ɗaya ba. A 2014 gwamnatin Ramalan Yero ta haramta acaɓa a cikin birni da wasu ƙananan hukumomi. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta dakatar da hawan babur baki ɗaya na wata uku saboda matsalar 'yan bindiga. A garin da ke da wannan tarihi, saurayin da ya fito da daddare a kan babur mai ƙarar tashin hankali, ba lamba, ba fitila, ba 'yan KASTLEA masu kula da zirga-zirga kaɗai zai haɗu da su ba. Wanda kuma ya sauya inji gaba ɗaya ya tuna lambar injin tana cikin takardunsa.

Sha'awar ba za ta mutu don an hana ba, kuma wasu ƙasashe sun riga mu gane haka. A California ta Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, samari sun addabi tituna da irin wannan tsere a motoci, 'yan sanda suna kamawa suna komawa. A 1951 wani ɗan jarida mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da nufin kwashe su daga titi zuwa wuraren da aka killace, galibi tsofaffin filayen jirgin sama. Daga nan wasan ya samu ƙa'ida: a duba birki da taya kafin a bar ka shiga, a raba ababen hawa aji-aji bisa girman inji, a auna lokaci da na'ura. Yau akwai baburan da ke cinye mita 402 a ƙasa da sakan 6. A Indunusiya ma, yaran da suka fara a rumfar makanike da ƙaramin babur suna shiga gasa mai rajista da alƙalai.

Abin da filin gajeren zango ke buƙata ba shi da yawa: miƙaƙƙen daɓe na mita 201, da wani ninkinsa na tsayawa, shinge tsakanin 'yan kallo da babura, motar asibiti a gefe, da sharaɗin hula da takalmi da safar hannu. Kaduna ta ware wa masu folo filinsu, 'yan ƙwallo suna da filin wasa na Ahmadu Bello. A Kakuri, maƙwabciyar Barnawa, ga harabobin masaƙu nan a kwance, ciki har da na Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002. Ƙungiyar makanikai da ta masu sayar da kayan babur suna da mutanen da za su iya duba kowane babur kafin ya shiga layi, hukumar kiyaye haɗurra tana da motocin asibiti, ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu kuma tana da ikon kiran su zama ɗaya don a gwada ko da Asabar guda a wata.